Ƙafar Hagun Jimina

"Sake buga min teburin nan ki ga ikon Allah!"

Auta ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Ita kanta ba ta san tana bugawa ba. Yatsunta ne kawai suke harkarsu a gefen teburin yanka, tsakanin almakashi da guntun alli.

"Umma, wallahi ban san..."

"Rufe min baki! Yadin mutane a gabanki, ke kina can kina yi wa jimina kiɗa!"

Umma ta jefar da rigar da take yi wa kalmasa. Idanunta sun yi ja, kuma ba zaren allura ne ya sa su ja ba.

"Kin san wadda ta zo nan ɗazu da na aike ki sayen zare? Yayar saurayin naki. Ta tsaya a bakin ƙofar nan, gaban masu jiran ɗinki, ta ce in ɗaure akuyata. Ni! Wai 'yata ce take zama a shagon gyaran rediyo cikin maza tana danne-danne, ta hana ƙaninta ganin matan kirki."

"Umma, shi fa ba haka yake ba..."

"Shi wa? Mai gyaran agogo? A zamanin nan wa yake ɗaura agogo, in ba angon da ya aro ba? Da ma can haƙuri nake yi da shi, yanzu kuma an haɗa min da zagi. Miƙo wayar nan."

"Umma, don Allah..."

"Miƙo, na ce!"

Ta miƙa. Umma ta jefa wayar cikin durowa, cikin maɓallai da tsofaffin zif, ta murza makulli, ta rataya shi a wuya tare da tef ɗin awo.

"Daga yau ke da shagon Baba Mai Rediyo sai a mafarki. Ke da wancan yaron kuwa, ko a mafarkin ban yarda ba."

*

Abin da ya jawo duk wannan wani tsohon akwatin wasa ne.

Yana tsaye a lungun shagon Baba Mai Rediyo, tsayinsa ya kai na mutum, fentinsa ya koɗe, gilashinsa ya yi hazo a gefe. Ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Rubutun jikinsa da wani harshe aka yi shi da babu mai iya karantawa a unguwar, shi ya sa kowa Jimina yake ce masa.

In an kunna shi, sai wata jimina ta fito da tabarau a ido da buta a ka, tana son tsallake gadar da aka gina da cokula. Ina za ta da butar? Babu wanda ya sani. Ƙarƙashin gadar kifaye ne sanye da huluna, suna jira ta faɗo su tafa mata. A sama kuma ga farin wata mai gashin baki yana gyangyaɗi. Wanda ya ƙirƙiro abin nan, ko dai yana fama da zazzaɓi ranar, ko kuma mutum ne mai daɗin zama.

Madanni biyu ne kacal, kujera biyu. Na dama ya ɗaga ƙafar dama, na hagu ya ɗaga ta hagu, kowa a kan kiɗa. Kiɗan kuwa wani siririn sauti ne kamar ana kaɗa kwalba da ƙusa, amma in ya shiga kunnenka sai ya kwana uku yana cin abinci tare da kai.

Samari masu manyan wayoyi cike da wasannin harbi da tseren mota sukan zo su yi masa dariya. Su ce hoton kamar da gawayi aka zana shi. Su ce bari su taɓa sau ɗaya. Sai yamma ta same su a nan, sun manta da abin da suka kawo gyara.

Baba yakan ce, "Na wayarku kai kaɗai kake yi, wuyanka a karye kamar kazar da ta sha ruwan sama. Wannan kuwa sai ka san halin na kusa da kai."

Wuri mai wuya a tsakiyar gada yake. A nan watan yakan yi hamma ya haɗiye kiɗan ɗungum, gilashin ya yi duhu. Dole kowa ya ɗauke hannunsa, ya ci gaba da kiɗan a cikin ransa, sannan ku biyun ku danna tare daidai lokacin da zai dawo. Wanda ya yi gaggawa ya jefa jimina ruwa. Wanda ya yi nawa ma haka.

A duk unguwar mutum biyu ne suke tsallake wannan shirun: Auta da Mai Agogo.

Teburinsa yana cikin shagon Baba, kusa da taga, cike da ƙananan ƙusoshi da gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Ranar da Auta ta fara zuwa, dutsen guga ta kawo gyara. Mai askin da yake riƙe masa ƙafar hagu ya tashi don an zo aski, shi kuwa ya juyo ya ce, "Malama, taimaka min da ƙafa ɗaya."

"Ƙafa kuma? Tawa biyu ce, kuma duk ina so."

"Ta jimina nake nufi. Zauna, kafin kifayen nan su cinye min mutunci."

Ta zauna. Dutsen gugar nan sai da ya lalace sau da yawa bayan haka, har Baba ya ce bai taɓa ganin ƙarfe mai son zuwa asibiti irinsa ba.

Mai Agogo ba gwanin zance ba ne. Kalmar so ma in zai faɗa sai ya yi gumi. Amma duk inda suka haɗu sai ya ƙwanƙwasa abin da ke kusa, tebur ko ƙofa ko murfin kwano, takun ƙafar dama kaɗai, yana barin gurbi a tsakani. Ita kuma ta cike gurbin da nata. Shi ne gaisuwarsu, shi ne ban-haƙurinsu, shi ne komai.

"'Yar Haguna," yakan ce, "ranar da kika daina amsawa, ranar zan zama gurgu."

*

Zuma ce ta fara zuwa yi mata jaje.

Aminiyarta ce tun suna yara. Turare da man shafawa take sayarwa, jakarta a kafaɗa, gida-gida, shago-shago, kuma bakinta ne ya jawo mata sunan. Ta daɗe tana raka Auta shagon Baba, tana riƙe mata jaka, tana kallon yadda mutane suke zagaye su biyun suna tafi. Mai riƙe jaka ma yana da ido, yana kuma da zuciya. Auta ba ta taɓa tunanin haka ba.

Suna ɗakin ɗinki na baya da rana tsaka, Umma tana shago tana auna wata mata, sai suka ji an taɓa tagar katako.

Ƙwas... ƙwas... ƙwas...

Da gurbi a tsakani.

Auta ta miƙe, zaren da ke cinyarta ya gangara ƙasa.

"Shi ne!"

Zuma ta cafke hannunta.

"Ke, kina da hankali kuwa? Umma tana jin ko tarin sauro ne. In kika amsa yau, kin gama kashe maganar nan da hannunki."

"Zai zaci fushi nake..."

"Haba, ƙawata! Ba ke kika ba ni labari ba? In wata ya haɗiye kiɗa, me ake yi?"

Auta ta koma ta zauna.

"Ana ɗauke hannu," ta ce a hankali.

"To! Waye ya fi shi sanin haka a duniya? Ki bar Umma ta huce. Ki nuna mata ke 'yar halak ce. Shi kuma ya riƙe nasa a ransa, ke ki riƙe naki. Ranar da kiɗa ya dawo, sai ku danna tare."

Maganar ta zauna wa Auta daram. Har wani daɗi ta ji, kamar an ba ta aiki mai wuya da ita kaɗai ta iya.

Ƙwas... ƙwas...

Ta matse hannuwanta biyu a ƙirji, hawaye suna zuba, tana cike kowane gurbi a cikin ranta. Ba ta taɓa katakon ba.

"Je ki gaya masa," ta ce wa Zuma, "ki ce wata ne ya yi hamma. Haka kawai za ki ce. Zai gane."

"An gama, aminiya."

Zuma ta same shi a teburinsa da yamma, gilashi a ido, agogo a buɗe a gabansa, amma ko ƙusa ɗaya bai taɓa ba.

"Ta ji ni?"

"Ta ji."

"Me ta ce?"

Zuma ta sunkuyar da kai, ta yi ajiyar zuciya irin ta masu kawo labarin rasuwa.

"Ni dai an aiko ni ne, kada ka ga laifina. Ta ce ta girmi wasan yara. Ta ce ka daina buga musu taga kamar mai tallan gawayi."

Bai yarda ba. Washegari ya koma tagar. Ya sake komawa. Kullum yana bugawa, kullum gurbin yana nan a buɗe, alhali yana jin ƙarar keken ɗinkinta ta tsaya cak in ya fara. Wato tana ji. Wato da gangan ne.

Ya ɗauki Baba suka je wurin Umma, ta sallame su daga bakin ƙofa ko kujera ba ta ba su ba. A gida kuma Yaya Babba, wadda ta raine shi tun mutuwar mahaifiyarsu, ba ta bar kunnensa ya huta ba.

"Ka gani ko? Kai kana bin taga, ita tana dariya. Ga yarinya mai ladabi nan kullum tana kawo min turare, tana durƙusawa har ƙasa. Amma kai sai 'yar danne-danne!"

Wata rana sai tagar ta daina ƙara.

Auta ta yi murmushi a kan kekenta. Ta ce a ranta, ya gane. Shi ma ya ɗauke hannu.

*

Damina ta zo ta wuce.

Auta ta rame, amma ɗinkinta ya yi kyau har masu kawo kaya suna cewa ita suke so. Ba ta ƙara ambaton jimina ba. Ba ta ƙara buga tebur ba. A cikin ranta kawai kiɗan yake tafiya, tana taka keke a kansa, tana shara a kansa, ko taku ɗaya bai kuɓuce mata ba.

Zuma ta rage zuwa. Ta ce kasuwa ce ta buɗe. Daga baya ta daina gaba ɗaya.

Wata safiya Umma ta ciro makulli daga wuyanta, ta buɗe durowa, ta ajiye wayar a kan teburin yanka.

"Ga kayanki. In shagon kike son zuwa, je ki."

Auta ta rungume ta.

"Umma! Na gode, Ummata! Wallahi ba za ki yi nadama ba!"

Umma ba ta rungume ta ba. Ta juya fuska wajen madubi tana gyara allurar da ba ta karkace ba.

Wayar ta mutu murus, babu caji. Auta ba ta tsaya jira ba. Ta sa rigar da ta ɗinka wa kanta a ɓoye, ta fita kusan da gudu.

Tun daga bakin layi ta jiyo kiɗan. Ƙafafunta suka kama shi da kansu. Amma wani abu ba daidai ba ne: ƙafar hagu tana zuwa a makare, tana ja kamar ta mai ciwon gwiwa. Sai ga tafin kifaye.

Ta shiga tana dariya.

"Wane ne wannan yake karya min ƙafa..."

Dariyar ta yanke.

Zuma ce a kujerar hagu. Zobe a yatsanta, agogon mata sabo a hannunta, kanta a jingine da kafaɗar Mai Agogo.

Baba Mai Rediyo ya ajiye ƙarfen narka dalma, ya cire hularsa ya sake sawa.

"Auta... 'yata... ba a gaya miki ba? Makon jiya aka ɗaura."

Umma ta sani. Shi ya sa ta buɗe durowa.

Mai Agogo ya miƙe a hankali. Ya rame shi ma. Fuskarsa a ɗaure.

"Me kika zo yi? Na zaci kin girmi wasan yara."

"Na girmi me?"

"Haka kika aiko."

Auta ta dubi Zuma. Zuma tana duban zobenta.

"Ni cewa na yi wata ne ya yi hamma! Cewa na yi ka riƙe a ranka! Zuma, me kika gaya masa? Zuma, dube ni!"

Zuma ta ɗago. Babu kunya a idonta, gajiya ce kawai.

"Shekara nawa ina riƙe miki jaka? Kin taɓa cewa, Zuma, zo ki zauna ki gwada? Ke ana tafa miki, ni ina tsaye kamar ƙusar rataye kaya. Saƙo ɗaya na juya. Sauran ku kuka yi abinku, ke da shirunki, shi da zuciyarsa."

"Allah ya isa tsakanina da ke!"

"Ya isa ɗin. Mijina ne dai yanzu."

Mai Agogo ya dafa akwatin.

"Kina ji na... duk ranakun nan kina ji na?"

"Ina ji! Kowane bugu na amsa maka a raina! Har yau da safe ina riƙe da shi, ban saki ba!" Ta nuna shi da yatsa. "Ko ta yi maka ƙarya, kai ba ka san ni ba? Sau nawa muka tsallake shirun nan tare? Kai da ka fi kowa iya riƙe kiɗa a zuci, me ya sa ka kasa riƙe nawa?"

Ya juya ya dubi akwatin. A gilashi jimina ta koma bakin gada, ta gyara butarta, tana jira.

"Ban taɓa iyawa ba," ya ce.

"Me?"

"Ban taɓa iya riƙewa ba, 'Yar Hagu. Da kiɗan ya ɗauke, kaina fayau yake zama. Ke nake kallo ta gefen ido. In lokaci ya kusa sai ki ja numfashi, kafaɗarki ta ɗaga kaɗan. Ita nake bi. Tun ranar farko ita nake bi." Ya share ido da bayan hannu. "A bayan tagar nan babu kafaɗarki. Katako ne kawai."

Auta ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

Duk tafin da aka yi musu, duk cika bakin da ta yi cewa zuciyarsu ɗaya ce, ashe ita kaɗai take ƙirgawa a cikin duhun nan.

"Me ya hana ka gaya min?"

"Kunya. Mai gyaran agogo, a ce bai iya riƙe lokaci ba..."

Ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye suna shiga bakinta.

"Kunya! Ka ji abin da ya cinye ni. Ba Umma ba, ba yayarka ba, ba ma wannan ba."

Ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Masoyiyata, ki saurare ni. Abin da aka ɗaura a kan ƙarya ana iya kwance shi. Yau ɗin nan, in kin ce..."

"Kai!" Zuma ta miƙe tsaye.

Auta ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Kada ka ƙarasa. Ka kwance yau, gobe wani shirun ya zo, wa za ka kalla? Zan yi ciwo wata rana. Zan yi tafiya. Zan yi fushi in rufe ƙofa. Duk ranar da ba ka ga kafaɗata ba, sai wata ta zo ta gaya maka abin da nake nufi?"

"Zan koya..."

"Ka koya. Amma ba a kaina ba. Na riga na biya kuɗin makarantar."

Ta juya. Baba ya sha gabanta a bakin ƙofa, tsoho har idonsa ya kawo ruwa.

"Auta, ba za ki ƙara zuwa ba ke nan? Akwatin nan bai yi miki laifi ba."

Ta waiwaya ta dubi jiminar, da tabaranta, da butarta, da kifayen banzan nan masu huluna. Abin takaici, ko yanzu kiɗan daɗi yake mata. Ko yanzu yatsunta suna motsi a jikin rigarta. Ta dunƙule su.

"Zan zo, Baba. Ranar da ba sa nan. Ka ce wa mai aski ya riƙe min dama."

"Mai aski? Ai shi kullum sai ya jefa ta ruwa!"

"Na sani," in ji Auta. "Amma shi in ya faɗi, da ƙirgen kansa yake faɗuwa."

Ta fita. Ba ta ji ya kira ta ba, ita ma ba ta tsaya ta saurara ba.